Amsa: Wasan marubuci da budurwarsa a dandamali

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta wasan kwaikwayo kan wani marubucin wasanni da soyayyarsa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kana tambaya ko 'yan kallo a Sakkwato za su karɓe shi. Za su karɓa mana. Damuwata wani wuri take.

Idan jarumi marubuci ne, alƙalami na hannunsa, sai ka ga ya kwashe duk kalamai masu daɗi, ya bar yarinya da kuka da "ka yi haƙuri". Abin da ke kashe irin wasan nan ke nan. Ka ba ta fitowa guda ita kaɗai, ta tsinci rubutun da ya yi a kanta, ta ga ya mayar da sirrinta abin tafi a gaban jama'a. Wannan ya fi kishi zafi.

A dandamali kuwa, ka bar batun riƙe hannu. Zance a zaure, ƙanenta na leƙowa, ya wadatar. Ka fara gwada shi da ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tunda suna nazarin wasan kwaikwayo, in fitowa ta yi tsawo za su gaya maka kai tsaye.