Amsa ga Kawu: dalilin da muke sa ido a kan ƙofar Amurka

Kawu, ina gaisuwa, da fatan ku da iyali kuna lafiya. Kun tambayi abin da ya sa mu Hausawan unguwar Bronx ta birnin New York muke ɗaukar zancen "Amurka Farko", wato taken masu son Amurka ta fifita kanta ta janye jiki daga harkokin duniya, da zafi, har a tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ana musu, alhali a ganinku rigimar Turawa ce. Kun kuma ji ana rububin neman takardar zama ɗan ƙasa. Abu biyun nan tushensu ɗaya.

Janye jiki daga duniya ba baƙon hali ba ne ga Amurka, da shi ta tashi. Faransa ce ta taya ta korar Ingila, har suka ƙulla ƙawance a 1778. Amma da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila a 1793, shugabansu na farko George Washington ya ce babu ruwansu. A jawabinsa na bankwana a 1796 ya ja musu kunne kan ƙawance na dindindin da kowace ƙasa. Lissafi ne kawai: ƙasar jaririya ce, ba ta da rundunar kirki, ga teku ya shiga tsakaninta da Turai. A 1823 Shugaba Monroe ya ƙara da cewa Turai ta daina neman mulkin mallaka a nahiyarsu, su ma ba za su tsoma baki a rigimarta ba.

Kada dai ku ɗauka zaman lafiya suka yi. A yaƙin 1846 zuwa 1848 suka ƙwace Kalifoniya daga Meziko, 'yan asalin ƙasar kuwa aka yi ta korarsu daga filayensu. Turai kaɗai ake kauce wa.

Sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, amma da aka gama, Majalisar Dattawa ta ƙi yarda su shiga ƙungiyar ƙasashen da shugabansu Wilson da kansa ya yi faɗi-tashin kafawa. To Kawu, ga inda zancen ya shafe mu. A wannan zamani na ja da baya ne aka yi dokar shige da fice ta 1924, wadda ta fifita mutanen arewaci da yammacin Turai, ta toshe wa yawancin sauran hanya. Taken "Amurka Farko" ma har kwamiti aka kafa da sunansa a 1940, don hana shiga yaƙin Hitila. Harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disamban 1941 ne ya kashe maganar. Daga nan sai Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, sai NATO a 1949. Ƙasar da ke neman abokai a Afirka da Asiya tana gogayya da Tarayyar Sobiyet, kunya ce a ce tana tantance baƙi da launin fata, sai aka soke tsarin dokar 1924 a 1965. Bizar caca, wadda ake fitar da masu samunta ta hanyar ƙuri'a, ta biyo baya a dokar 1990, kuma da ita da yawa daga cikinmu suka shigo, har da 'yan zangon Kumasi da Akara.

Shi ya sa dattawanmu ba sa barin mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ya miƙe ƙafa. Shekara biyar na cika za a fara yi masa naci ya nemi fasfo, wani ma a zaunar da shi a shagon ɗan'uwa ana masa bitar tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa. Adashi kuwa ba ya yankewa, kuma yawancin kwasar gini ake yi da ita a gida. Mun ga darasi a 2020, da aka dakatar da bizar zama ta 'yan Najeriya: masu jiran matansu da iyayensu suka yi cirko-cirko har aka ɗage a 2021.

Kanmu ba a haɗe yake ba fa. Akwai direbobin tasi da ke cewa gara Amurka ta zauna gida, suna kawo Iraƙi a 2003 da Libiya a 2011, da makaman da suka malalo Sahel bayan faɗuwar Gaddafi. Wasu 'yan Nijar ɗinmu har murna suka yi da sojojin Amurka suka bar Agadez a 2024. Ni ma ina ganin hujjarsu. Abin da nake gaya musu shi ne, wancan karon da ƙasar nan ta juya wa duniya baya, da ƙofar baƙi ta haɗa ta rufe.

Saboda haka ne ba zan samu zuwa Babbar Sallah ba, sai fasfona ya fito. A gaishe mini da Inna.