Gadon Uwa da na Uba a Ganyen Shinkafa

Wata malama da ke koyar da ilimin aikin gona a wata makarantar sakandare a Argungu ta aiko da tambaya. Ta ce tana yi wa ɗalibanta bayanin Rubisko, sinadarin da ganyen shinkafa ke kama iskar kabon da shi domin haɗa abinci da hasken rana, sai ta kafa hujja da karin maganar nan mai cewa "kyan ɗa ya gaji ubansa", amma wani abokin aikinta ya ce karin maganar bai dace da wurin ba. Tana neman a raba musu gardama, a kuma faɗa mata ko daidai ne a kira abin da tsiro ke gada da sunan "ƙwayar halitta".

Malama, abokin aikinki yana da gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina sinadarin kansa. Rubisko furotin ne mai sassa 16, manya 8 da ƙanana 8, kuma umarnin ƙera su ba daga wuri guda yake fitowa ba. Na ƙananan sassan yana cikin cibiyar ƙwayar halitta, inda shinkafa ke da kuromosom (zaruruwan da ke ɗauke da umarnin gado) 12 bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma ƙwayoyin gado (gutsattsarin umarnin da ɗa ke gada daga iyaye) 5 ne ke ɗauke da shi. Na manyan sassan kuwa, waɗanda a jikinsu ne ainihin aikin kama iskar ke gudana, ƙwayar gado ɗaya ce tak ke riƙe da shi, kuma tana zaune ne a cikin 'yan ɗakunan nan masu launin kore da suka sa ganye ya zama shar. Waɗannan ɗakuna ta wajen uwa kawai shinkafa ke samun su, domin ƙurar furen da ke matsayin uba ba ta isar da nata ga irin da za a haifa. Tun a 1972 Sam Wildman da abokan aikinsa a Amurka suka nuna wannan rabon gado a jikin ganyen taba.

Saboda haka, idan karin magana kike so, "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ya fi kusa da batun, tunda barewa a bakin Bahaushe mace ce, uwa aka ambata. Shi kuwa "kyan ɗa ya gaji ubansa" ba siffar jiki yake nufi ba tun asali. Magana ce ta sana'a da ɗabi'a, ɗan maƙeri ya iya zuga da bugun ƙarfe, ɗan malami ya riƙe allo, kuma akwai umarni a cikinsa, wato abin da ya kamata ɗa ya yi da zaɓinsa. Tsiro ba shi da zaɓi. Sai dai ki lura cewa shinkafa galibi kanta take yi wa barbara, uwa da uba a fure ɗaya suke, don haka bambancin ba ya bayyana sai ga masu haɗa iri biyu da hannu, waɗanda dole su san wanne suka sa a matsayin uwa.

Barewar ma, a gaskiya, an yi wa Rubisko kara da aka kwatanta shi da ita, domin sinadari ne mai nawa. Sau 3 ko makamancin haka yake kammala aikinsa a daƙiƙa, alhali wasu sinadaran irinsa suna yin dubbai, ga shi kuma yakan ɗauki iskar oksijin a maimakon ta kabon, musamman idan zafi ya tsananta, sai tsiron ya yi asarar ƙarfi wajen gyara kuskuren. Shi ya sa shinkafa ke tara shi da yawa, har yakan cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin da ke ganyenta, wato abin da manomin fadama ke sayen buhun yuriya dominsa. Dawa da gero da masara da rake suna da dabarar tara iskar kabon a kewayen sinadarin domin rage wannan kuskure, kuma wannan dabarar ce Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta fara jagorantar ƙoƙarin shigarwa cikin shinkafa a 2008.

Game da suna, ni ban gamsu da yadda 'yan jarida ke amfani da "ƙwayar halitta" ga abubuwa biyu ba, wato ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi da kuma umarnin da ke rubuce a cikinsa. A bayani irin na Rubisko wannan ruɗani ba zai bari a fahimci komai ba, tunda dole ki ce abu yana cikin kansa. Ki bar "ƙwayar halitta" ga na farko, ki kira na biyu "ƙwayar gado", kamar yadda na yi a sama. Idan kina furtawa a aji ki ja wasalin farko na "gado", daga aikatau "gada" da ya ba mu magaji da magajiya, domin in kika gajarta shi ɗalibai za su ji gadon kwanciya.