Amsa: Ta yaya ake sanin yawan masu S a gari ba tare da an gwada kowa ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ta yaya masana ke cewa kashi kaza na mutane na ɗauke da S, wato ƙwayar gadon da ke jawo sikila, alhali ba a bi gida gida an ɗebi jinin kowa a Zariya ba. To samfuri ake ɗauka, kuma kwafin ƙwayar gado ake ƙirgawa, don kowa biyu gare shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

A ce an gwada mutum 100, aka samu AA (ba su da S) 74, AS (S ɗaya) 24, SS (S biyu, su ne masu sikila) 2. Kwafi 200 kenan. S ɗin 24 na masu AS sai 4 na masu SS, 28 cikin 200, wato 0.14. Daga nan sai lissafin da masana biyu, Hardy da Weinberg, suka fitar a 1908: tunda sai yaro ya gaji S daga uwa da kuma uba yake zama SS, ka ninka 0.14 da kansa ka samu wajen 0.02, wato yara 2 cikin 100 ake sa ran a haifa da SS.

Amma fa inda aikin yake shi ne su wa ka gwada, in ka je kilinik ɗin masu sikila a asibitin koyarwa da ke Shika ka ɗebi samfuri ai S zai yi ta yawa fiye da gaskiya, in kuma manya kaɗai ka gwada za ka rasa yaran SS da suka rasu tun suna ƙanana, abin da ke ci min rai kenan wallahi. Sannan lissafin ya ɗauka aure ba ruwansa da dangantaka, mu kuwa auren zumunci ya yi mana yawa, shi ya sa SS kan iya wuce abin da lissafi ya nuna. Gwajin jarirai sabbin haihuwa daga cikin birni, Sabon Gari, Samaru da ƙauyuka shi ya fi kusa da gaskiya.