Tambayi Likita: Tiyatar sauya jinsi da maganar fitsari

Tambaya: Salam likita, ni ɗalibar aikin jinya ce a nan Gwammaja. Don Allah waɗanda ake yi wa tiyatar sauya jinsi a ƙasashen waje, ya fitsarinsu yake komawa bayan aikin?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. In daga namiji ne zuwa mace, ana gajarta bututun fitsarin ne, sai mutum ya koma yi a tsugune, da farko fitsarin ya dinga fantsama saboda kumburi, kuma tunda hanyar ta gajarce cutar mafitsara ta fi saurin kamawa. Ba a cire furostet fa, wato 'yar gaɓar nan ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara, tana nan.

Daga mace zuwa namiji kuwa nan ne wahalar take gaskiya, don ƙara wa bututun tsayi ake yi da fatar jikin mutum, to wajen ɗinkin nan sau da yawa yakan ɓule fitsari ya dinga yoyo ta gefe, ko ya tsuke ya zama sai an yi ta nishi ɗigo-ɗigo yake fita. Ana barin robar fitsari makonni, wasu ma sai an sake shiga tiyata.

Duk wanda fitsari ya tsaya masa cak ko ya haɗa da zazzaɓi, a kai shi asibiti nan take kar a jira gobe.