Amsar tambayar kallon ƙwallon kwando a New York (muryar da aka tura guruf)

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina na ji muryarka tun jiya, wallahi aiki ne ya riƙe ni. Ka ce za ka shigo New York sati na biyu na Maris kana so ka kalli ƙwallon kwando na 'yan jami'a, ba na ƙwararru na NBA ba, ko akwai. To akwai, kuma ka faɗo a kan gaɓa, don satin ne ake gasar rukunin jami'o'in da ake kira Big East a filin wasa na Madison Square Garden, tun 1983 can ake yin ta.

Jami'o'i 11 ne, su UConn, Villanova, Georgetown, St. John's, Marquette, Creighton da sauransu, ana farawa Laraba a ƙare Asabar da dare, kuma duk wanda aka ci sai ya tattara nasa ya nasa, babu gobe. Wanda ya ɗauki kofi kai tsaye ya shiga babbar gasar ƙasa ta NCAA ɗin nan da suke cewa March Madness, washegari Lahadi ake fitar da sunayen ƙungiyoyin da za su buga ta, shi ya sa za ka ga ƙungiyar da duk kakar ba ta taɓuka komai ba ta zo tana wasa kamar ranta zai fita.

To ni shawarata, ka manta da fainal, Alhamis za ka je. Ranar ce ake kwata fainal, wasa huɗu, biyu da rana biyu da dare, kuma tikiti ɗaya wasa biyu yake ba ka, wato ko na rana ko na dare. Ka duba da kyau wanne ka saya, don ni shekarar da na fara zuwa na dare na saya ban sani ba, na zo tun sha biyun rana ina ta zumuɗi, mai gadi ya duba wayata ya ce sai bakwai, haka na yi ta gararamba cikin sanyi. Na rana ya fi sauƙin kuɗi yawanci tunda mutane na wurin aiki, kuma za ka fito da sauran haske. Na daren kuwa wasa na biyu sai wajen tara da rabi ake farawa, in aka shiga ƙarin lokaci sai Allah. A 2009 Syracuse da UConn sau shida ana ƙara musu lokaci, sai bayan ƙarfe ɗaya na dare aka tashi, 127 da 117.

In St. John's ko UConn ne ke wasa ka shirya aljihu, St. John's 'yan gari ne, a 2025 suka ɗauki kofin da kocinsu Rick Pitino bayan shekara 25, su kuma 'yan UConn jirgin ƙasa guda suke cikowa daga Connecticut. Af, UConn ɗin nan ne fa Adama Sanogo ɗan Mali ya yi wa wasa, wanda ya ci musu kofin ƙasa a 2023 yana azumi.

Abin da zai burge ka ba ma wasan ba ne kawai, 'yan badujalar kowace makaranta ne a bayan raga suna busa suna kiɗa, ɗalibai sun shafe fuska da fenti, ga tsoffin ɗalibai masu furfura suna ihu kamar yara. Wasan rabi biyu ne minti ashirin-ashirin, ba kashi huɗu irin na NBA ba, kar ka ruɗe.

Zuwa ba wuya, filin a saman tashar jirgin ƙasa ta Penn Station yake, tunda a Bronx za ka sauka wajen 'yan'uwa ka hau jirgi mai lamba 2 ka sauka titi na 34. Kar ka ɗauko babbar jaka, ka cika cajin waya don tikitin a ciki yake, kuma ka ci abinci wajen masu amalanken halal a waje kafin ka shiga, na ciki tsada kamar me. In ka sauka ka kira ni, wataƙila mu je tare in oga ya sake ni.