Fargabar kasawa wajen koyon sanin kana mafarki

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon yadda za ka gane mafarki kake yi alhali kana cikinsa, amma da ka kwanta sai gabanka ya riƙa faɗuwa, kada yau ma abin ya ƙi.

A ganina fargabar ce ke tare maka hanya. Irin wannan mafarki yawanci a matakin barcin da ake kira REM yake zuwa, lokacin da idanu ke motsi da sauri a rufe. Barci yana zagayowa kusan kowane minti 90, kuma REM ya fi tsawo a ƙarshen dare. Wanda ya kwanta a takure yana jiran sakamako, barcinsa kan tsintsinke, sai ya rasa daidai sashen da yake nema.

Saboda haka ka rage buri tukuna. Ka ɗauki makonni kana rubuta duk abin da ka tuna da ka farka, ko guntu ne. Sannan ka gwada dabarar da ake kira MILD, ta mai binciken barci Stephen LaBerge: ka farka bayan barcin awa 5, ka tuno mafarkin, ka koma barci kana ƙulla niyyar gane mafarki kake yi. Ba kowane dare ba, don gajiya ma tana ƙara damuwa.

In kuwa dannau kake tsoro, tsokoki ne ba su gama sakuwa daga ƙagewar da suke yi a lokacin REM ba, kuma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Ka yi numfashi a hankali, ka motsa ɗan yatsa. Idan damuwar tana bin ka har da rana, ka dakata, ka ga likita.