Tambaya da Amsa: Bindigar Webley

Tambaya: Malam, me ya sa masu tara tsofaffin makamai suke rububin ƙaramar bindigar nan ta Webley?

Amsa: Tarihinta ne ya ɗaga ta. Sojojin Birtaniya sun fara amfani da samfurin Mark VI a 1915, kuma ita hafsoshinsu suka riƙe a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana buɗe ta ne ta sama, nan take kwanson harsasai shida su zubo tare. Sai dai da yawa cikin waɗanda aka sayar a Amurka an kankare bayan gangarsu, wato ɓangaren nan mai juyawa da ake zuba harsasai a ciki, domin su ɗauki harsashin da ya fi ƙarfinsu, abin da ya zubar da darajarsu, ya kuma sa harba su ya zama haɗari. Wadda ba a taɓa ba, ita ce mai tsada.